Saje Ezekiel da Takobin Markus

Idan kana so ka ɓata wa Saje Ezekiel rai, ba sai ka zage shi ba. Ka same shi riƙe da wani abu, ko bokiti ne ko kujerar roba, ka ce masa, "Kawo in riƙe maka." Shi ke nan, ka gama da shi, shi ma ya gama da kai. Mutanen unguwarsu a Zuru sun san haka sarai, amma tausayi irin nasu ƙaiƙayi ne, sai sun sosa suke samun sukuni. A coci wani zai fizge masa littafin waƙa ya buɗe masa shafi. A kasuwa mai doya zai bar rumfarsa ya ce sai ya raka shi da leda har bakin titi. Shi kuwa sai ya tsaya yana kallonsu, jijiyar wuyansa ta miƙe, godiyar ta ƙi fitowa, su watse suna cewa aikin soja ya ɓata masa hali.

Ba su san shi ba ne. Ezekiel ɗan Dabai ne, a gindin dutse aka haife shi, kuma tun bai kai tsayin garma ba yake huɗa. Da ya ga Saloma ya ce ita yake so, ba da baki ya neme ta ba. Golmo ya yi, wato saurayi ya yi ta noma gonar surukinsa damina bayan damina kafin a ba shi mata. Har yau in ya sami mai saurare sai ya ba da labarin yadda bai taɓa barin layinsa rabi wani ya ƙarasa masa ba. Daga gona ya shiga soja kamar yawancin tsararsa, ya je duk inda aka tura shi, ya kai saje. Yana gab da ajiye aiki da ƙafarsa, motarsu ta taka abin da aka binne a hanya can gabas. Hannun hagunsa bai fita ba, yana nan manne da kafaɗa, amma ya mutu, yana lilo kamar igiyar guga. Abin da ya fi ci masa rai kuwa, ko bindigarsa ba shi ya miƙa ba. Yana kwance bai san inda kansa yake ba aka zare ta daga jikinsa.

Da ya dawo gida ya ce noma zai koma, ko da hannu ɗaya ne. Ya sa maƙeri ya rage masa ƙotar fartanya, ya fara fita. Bai daɗe ba ya zame a gangare, goshinsa ya tsage, aka dawo da shi a kan babur jini ya jiƙa masa riga. Washegari fartanya ta ɓace. Saloma ta ce an ara ba a dawo da ita ba. Ya san ƙarya ce, ya san tana ƙarƙashin rumbu bayan tsohon turmi, amma ya yi shiru, don ya san in ya ɗauko ta rigimar sai ta kai gidan fasto. Tun daga nan Saloma ta zama hannunsa na hagu ko yana so ko ba ya so. Ita ke ɓalle masa maɓallin riga, ita ke yayyanka masa nama, ita ke riƙe masa ƙusa in zai buga. Tana yi da zuciya ɗaya, wannan kuwa shi ya fi ƙona masa rai, don ba shi da wanda zai yi fushi da shi.

Wuri ɗaya ne tak a duniya da ba wanda ke karɓar masa kaya, kuma wurin a cikin kwamfuta yake.

A asibiti ya gamu da shi. Gadon da ke kusa da nasa na wani soja ne mai kula da na'urorin sadarwa, Muhammad Sani, mutumin Bena, wanda ƙafarsa ke rataye da ƙarfe. Kullum yana duƙe a kan kwamfutarsa yana tsaki yana murmushi shi kaɗai. Ezekiel ya fara yi masa ba'a, wai ƙato da gemu yana wasan yara. Muhammad Sani bai yi musu ba, ya juyo masa da fuskar kwamfutar, ya ɗora masa hannun dama a kan linzaminta, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur. Ya ce da wannan kaɗai ake yi. Ranar Ezekiel bai ci abincin rana ba.

Sunan wasan na Turanci doguwar magana ce, shi dai Ganuwa yake ce masa, saboda labarin wata ƙasa ce ta ƙage mai ganuwa da dodanni ke son fasawa. Kai za ka ƙirƙiri jarumi ka sa masa suna. Ya sa wa nasa Markus, sunan mahaifinsa, ya ba shi faffaɗar kafaɗa da takobi mai tsawo. A hanya Markus ya tara mutane: wata maharbiya mai tsiwa, wani boka mai ƙaton ciki da ke jefa wuta, da wani gajeren maƙeri mai gatari. Daɗin abin shi ne, in faɗa ya kaure sai ka tsayar da duniya cak. Kibiya ta tsaya a iska, dodo ya tsaya da baki a buɗe. Ka zauna ka duba ƙasa, ka ce maharbiya ta hau tudu, boka ya tsaya a baya, maƙeri ya tare ƙofa, sannan ka saki lokaci ka ga abin da tunaninka ya haifar. Aikin saje ne zalla, kuma hannu ɗaya ya ishe shi. Da aka sallame su Muhammad Sani ya zuba masa wasan a wata tsohuwar kwamfuta ya ba shi.

Shekaru ya yi a ciki. Da hantsi, in sola ta cika batir, Saloma tana kan keken ɗinkinta a baranda, shi yana ɗaki yana ba da oda da ƙarfi kamar a fareti. Ya kai ƙarshen wasan ya sake farawa ba sau ɗaya ba, amma Markus ɗinsa na farko bai taɓa goge shi ba. Matan coci sun yi ta tsegumi, wai Saje yana hira da aljanu. Saloma ta ce musu aljanun sun fi su amfani, tunda su ne kaɗai suke sa mijinta dariya.

Ana nan sai Muhammad Sani, wanda yanzu ya buɗe shagon gyaran waya da kwamfuta kusa da tasha, ya ɗingiso har gida da albishir. Kashi na biyu ya fito. Ba wannan ne ma babban labarin ba. Wai sabon yana karanta ajiyar tsohon, duk jarumin da ka gina a na farko yana nan da ransa a cikin na biyu, da sunansa da tabonsa da takobinsa. 'Yar Ezekiel, Gladys, wadda ke aikin jinya a Birnin Kebbi, ta riga ta aiko wa babanta kwamfuta mai ƙarfi, don haka ba abin da ya rage sai a zuba. Ranar da za a zuba, Ezekiel ya sa riga mai guga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Saloma ce ta ɓalle masa maɓallan, kuma ranar ko tsaki bai yi ba.

A faɗi gaskiya, da farko ya yaba. Ciyawa tana kaɗawa, ruwan sama yana sauka a kan sulke har ka ga ɗigonsa, duwatsun ƙasar ma sun so su yi kama da na Dabai in damina ta kankama. Ya ce lallai yaran da suka haɗa wasan nan sun yi aiki. Iyakar yabon ke nan.

Laifi na farko dai, ba Markus aka ba shi ba. Wani matashi aka miƙo masa, mai ɗan kunne da surutun tsiya, wanda ko gawa ya gani sai ya yi barkwanci. Laifi na biyu, an cika fuskar kwamfutar da kibiyoyi da alamu, bi nan, juya can, ɗauki wancan, kamar ana kora akuya zuwa turke. A da sai ka tambayi mutanen ƙauye hanya, wani ya yi maka ƙarya, ka ɓata, ka koyi hankali. Yanzu ba mai ɓata, don haka ba mai koyon komai. Abokan tafiyar kuma ba sa jin oda. Kowa gaban kansa yake yi, mai baka ya ruga gaba, mai garkuwa ya laɓe a baya. Ezekiel ya ce da a rundunarsa ne da duk sun yi tsallen kwaɗo har rana ta faɗi. Duk wannan zai iya haɗiyewa. Da faɗan farko ya zo, ya laluba inda ake tsayar da lokaci, ya ga babu. Sun cire shi.

Yanzu faɗan na gudu ne. Hannun dama yana kan linzami yana sara, hannun hagu kuma dole ya zauna a kan madannan haruffa: wasu na tafiya, ɗaya na ɗaga garkuwa, ɗaya na mirginawa a kauce wa duka, duk a lokaci guda, duk cikin ƙiftawar ido. Mutanen da suka zauna a ofis mai sanyi suka tsara abin nan ba wanda ya ɗaga kai ya tambaya ko duk wanda ya so wasansu na farko yana da hannu biyu. Sun ɗauka kowa irinsu ne. Ezekiel ya dubi madannan, ya dubi hannun da ke kwance a cinyarsa.

Da zai bari da ya bari a nan. Amma a ƙauyen farko wata tsohuwa mai sayar da gurasa ta gaya wa matashin cewa Markus yana raye, yana can a tsohuwar ganuwa, hayin gadar dutse. Ezekiel ya rantse sai ya je ya gan shi, kuma da hannunsa.

Ƙananan dodanni ya ci su da dabara. Ya saki linzami ya taka, ya saki madanni ya sara, yana tsalle da hannu ɗaya tsakanin biyun kamar mai tuya a kasko biyu. A haka ya ja jiki har gadar. A tsakiyarta kuwa wani ƙaton ƙarfe ne tsaye da guduma, kuma shi ba ya jira ka sauya hannu. Ya murƙushe matashin. Ezekiel ya sake. Ya murƙushe shi. Duk mutuwa sai wasan ya rubuto masa shawara, wai ya gwada mirginawa. Ya ajiye madannan a ƙasa ya gwada da babban yatsan ƙafa, ya danne huɗu a lokaci ɗaya. Ya ɗora dutse a kan madannin tafiya, matashin ya zarce ya faɗa kogi. Ya ɗaura cokali a haɓarsa da tsumma, ya duƙa yana dannawa da shi, har Saloma ta leƙo ta gan shi a haka, ta koma da baya. Ganin da ta yi masa ya fi dukan gudumar ciwo.

Muhammad Sani ya zo duba shi, ya nuna masa akwai saiti mai sauƙi. Ezekiel ya sa tabarau ya karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa: na waɗanda labarin kawai suke so su gani. Ya gwada na ɗan lokaci, ya ga dodo yana tsayawa kamar saniyar da ake tatsa yana jira a sare shi. Ya kashe. Ya ce wannan ai "kawo in riƙe maka" ne aka rubuta da Turanci. Shi ba sassauci ya roƙa ba. Faɗan ya kai yadda ya kai, ya fi haka ma, a dai bar shi ya tsayar da lokaci ya yi tunani kamar da.

Haka ya rubuta a dandalin da 'yan wasan duniya ke faɗin ra'ayinsu, da yatsa ɗaya, da Turancinsa na bariki. Ya faɗi abin da ya gani mai kyau, ya faɗi na banza, ya ce shi tsohon soja ne mai hannu ɗaya, kuma an rufe masa ƙofar gidan da ya daɗe a ciki. Dandalin cike yake da murna. Wannan na cewa faɗan ya yi zaƙi, wancan na cewa gara da aka cire tsaye-tsayen tsofaffi. Wani ya amsa masa da cewa ya je ya koyi wasa tukuna. Wani ya ce zamani ya wuce shi. Waɗannan bai damu da su ba, ya saba da bakin yara. Wanda ya sa ya rufe kwamfutar da ƙarfi wani mai kirki ne, wanda ya gode masa da hidimar da ya yi wa ƙasarsa, ya ce ya turo masa ajiyar wasan ya haye masa gadar ya dawo masa da ita.

Tsautsayi ya sa a ranar Muhammad Sani ya shigo da irin wannan tayin.

"Oga, mi za ya hana in hisshe ka wurin ga? Minti kaɗan na, in kashe maka shi, ka ci gaba abinka."

"Fita mini daga gida," in ji Ezekiel.

Bai ɗaga murya ba. Muhammad Sani ya dube shi, ya ga da gaske yake, ya ɗauki sandarsa ya fita. Mutumin da suka yi jinya gado da gado, wanda ya ba shi wasan tun asali.

Saloma ta ji komai daga baranda. Keken ɗinki ya tsaya. Ta shigo da almakashi a hannu, ta tsaya a kansa, kuma duk wanda ya san ta ya san in ta yi irin wannan tsayuwar gara ka nemi hanya. Ta ce ta gaji. Mako da makonni ba ya cin abinci sai ya huce, ba ya amsa gaisuwa, Gladys ta kira ya ƙi ɗauka, yanzu kuma ya kori amininsa saboda gunkin ƙarfe. Ya ce mata ba za ta gane ba, shi mutum ne da bai taɓa barin layinsa wani ya ƙarasa masa ba. A nan ne ta fashe.

"Baban Gladys, ka ishe ni da labarin layin nan. Ina wurin ai, ni na kai muku kunu. Kai kaɗai ka zo gonar babana? Ba kuna da yawa ba, kai da abokanka, kuna jere kuna waƙa? Wanda ke damanka da wanda ke hagunka, ba su ne suka sa ka kasa tsayawa ba? Golmo na mutum ɗaya, a ina ka taɓa ganin shi? Ba wanda ya noma maka layinka, gaskiya ne. Amma ba kai kaɗai ka noma gonar ba."

Ya ji haushin ta, ya fi jin haushin gaskiyar da ta faɗa. Ita kuwa ba ta jira amsarsa ba. Ta ajiye almakashi, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a hagunsa, ta ɗaga mataccen hannun ta gyara masa zama a cinya, ta ɗora nata a kan madannan.

"Ba riƙe maka zan yi ba," ta ce. "Sarar taka ce. Ni ƙafa ce kawai. Faɗa mini ina zan taka."

Kada wani ya ɗauka daga nan abin ya zama daɗi. Faɗa suka yi ta yi. Ya ce hagu ta yi dama. Ya ce mirgina ta ɗaga garkuwa. Ya daka mata tsawa irin ta bariki, ta ce ita ba kurtunsa ba ce, in ya sake za ta tashi. Ta tura matashin kogi da gangan sau ɗaya don ya san da wa yake yi. Amma yatsun da suka shekara suna bin bakin zane a ƙarƙashin allura ba su da nauyi, kuma kunnenta ya san muryar mijinta tun kafin ya gama kalma. Kwanaki kaɗan ta fara kaucewa kafin ya ce kauce. Wata rana da azahar, hadari yana haɗuwa ta wajen Sakaba, ƙaton ya ɗaga guduma, ta mirgina ta bayansa, Ezekiel ya sara a gwiwa, ya sake sara, ƙarfen ya durƙusa ya zube. Saloma ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Shi bai yi murna ba. Ya haye, amma ba yadda ya rantse ba, kuma ya san wurin nan da ba a taɓa taya shi ba ya tafi ke nan. Ya ce mata kawai su wuce.

Suka hau tudu zuwa ganuwar. Ezekiel ya gane ta tun daga nesa, ya gane ƙofar da gajeren maƙeri ya taɓa tarewa shi kaɗai. Ji yake kamar zai ga ɗan'uwa. Ya riga ya tsara yadda za a yi: Markus zai shiga tawagar, ya karɓi jagoranci, a koya wa yaran nan yadda ake tsayuwa a layi.

Markus yana bakin ƙofa a kan benci. Shi ne, ba shakka, ga faffaɗar kafaɗar, ga tabon da ya samu a yaƙin ƙarshe. Amma masu haɗa wasan sun furfurta shi, sun rufa masa bargo a gwiwa, sun ajiye masa kwano a gefe. Takobin yana kwance a cinyarsa, hannunsa a kan ƙotar. Ezekiel ya danna shi. Markus ya ɗaga kai ya ce shi nasa ya ƙare, yanzu lokacin yara ne. Ezekiel ya tambaye shi labarin maharbiya da boka da maƙeri, aka ba shi amsa a jimla ɗaya, wai kowa ya kama gabansa. Ya nemi inda zai ce masa taso mu tafi, babu. Ya sake dannawa, Markus ya sake faɗin maganar nan dai, da murya ɗaya, da ɗaga kai iri ɗaya. Mutumin da ya tsare ƙasar nan da jininsa, sun mayar da shi kayan ado a bakin ƙofa.

Sai rubutu ya fito a tsakiyar fuskar kwamfutar. Ƙofar ganuwa ba za ta buɗe ba sai da takobin Markus. A ƙasa ga zaɓi, guda ɗaya tak: karɓi takobin.

Saloma ta karanta, ta juyo ta dube shi. Wannan dannawar ba tata ba ce, ta linzami ce, tana ƙarƙashin yatsansa. Ezekiel ya kai alamar kan rubutun. Matashin mai ɗan kunne ya riga ya miƙa hannu, yana murmushin nan na masu kirki, irin na mai doya, irin na mutumin coci. Markus bai miƙo ba. Yana zaune ne kawai, hannunsa a kan ƙota, yana jira a zare.

"Ba zan karɓa ba," in ji Ezekiel.

"In ba ka karɓa ba ai ba gaba."

"To kada a yi gaban."

Fushi ne tsantsa a muryarsa. Ya ce masu haɗa wasan nan su waye su da za su sa shi, shi da kansa, ya zare makami daga hannun mutum yana zaune. Su zo su zare da kansu. Ya janye alamar daga kan rubutun a hankali, kamar mai tsoron kada yatsa ya ci amanarsa, ya ajiye wasan a daidai wurin, ya kashe. Saloma ta ɗauke hannunta daga madannan ta ɗora a cinyarta. Ta daɗe tana kallon hannun nata. Ruwa ya sauko, suka zauna suna jin sa a kan kwano.

Da aka kwana biyu ya taka har tasha ya ba Muhammad Sani haƙuri, irin haƙurin soja, a tsaye, cikin kalma uku. Muhammad Sani ya yi dariya ya ce ya wuce. Da ya ji inda aka tsaya sai ya riƙe baki, ya ce ai yanzu wasan ya fara, bayan ƙofar nan ne ake hawan macijin sama mai aman wuta, duk duniya maganarsa ake yi. Ezekiel ya ce su hau lafiya, shi ya gama. Da aka tambaye shi a dandalin ko ya haye gadar, ya rubuta musu layi ɗaya, cewa wasan yana da kyan gani, ba shi da tarbiyya.

Daga tasha bai shiga ɗaki ba. Ya zagaya bayan gida, ya durƙusa a gindin rumbu, ya ture tsohon turmi da kafaɗa, ya jawo fartanyar. Ta yi tsatsa, gara ta ɗan taɓa ƙotar. Ya miƙe ya saɓa ta, ya biyo ta baranda, don ba wata hanyar fita sai nan. Keken ɗinki ya tsaya. Saloma ta dubi fartanyar, ta dubi tabon da ke goshinsa, ta miƙe tsaye har zanen da take ɗinki ya zame ƙasa. Hannunta ya taso kamar za ta karɓe ta. Ya tsaya yana kallon hannun, bai ja da baya ba.

Ta mayar da hannun ta riƙe gefen keken da ƙarfi.

"Ka bi ta ƙasa," ta ce. "Gangaren nan da santsi."

Ya fita, ta zauna, keken ya daɗe bai tashi ba.